Saitin Malam Garzali

Bangon da ya raba ɗakina da gidan Malam Garzali a unguwar Galtimari, cikin Maiduguri, bulo ne mara kauri, gefe ɗaya kawai aka yi wa filasta. Ina jin tarinsu, ina jin ludayi na kankarar tukunya. Faɗa ne dai ban taɓa ji ba, sai ranar nan da la'asar sakaliya, bayan 'yarsu Khairunnisa ta dawo daga Kaduna.

Muryar matarsa, Ya Gumsu, ce ta fara tsallakowa.

"Pindar ya faɗa maka ko bai faɗa maka ba?"

"Ki rage murya, mutane na ji."

"Su ji mana! Ai garin nan kaf sun ji kana cewa 'yarka za ta tuƙa jirgi. Har masu bandar kifi sun ji. Yau kuma su ji wannan. Ya faɗa maka ko bai faɗa maka ba?"

"Hannuna ne, Gumsu. Ni na karya wa kaina shi?"

"Ban tambaye ka hannunka ba. Hannunka na san shi, ni na yi jinyarsa. Hannun yarinyar nan nake tambaya."

Ta juya harshe zuwa Kanuri, ta yi ta zubawa da sauri har na daina kamawa, sannan na ji an bugo ƙofar langa-langa.

Abin da na sani a lokacin kaɗan ne. Wata gidauniya ta ce za ta ɗauki nauyin 'yan Arewa maso Gabas su koyi tuƙin jirgin sama, Khairunnisa ta ci jarrabawar rubutu, ta tafi gwaji na biyu, ta faɗi. Gidauniyar kuwa ba ta ba mutum dama sau biyu. Yadda aka yi hannun uban ya shigo cikin maganar, sai an koma baya.

A unguwar Gamboru, nan cikin gari, aka haifi Garzali. Mahaifinsa Bakano ne da ya zo fataucin atamfa, garin ya yi masa, ya zauna. Da Garzali ya gama sakandare bai tsaya a rumfar uban ba, ya samu aikin lodin kaya a filin jirgi, aikin da ya fi kankama lokacin jigilar alhazai. Ya cusa jakunkunan mutane bila adadin a cikin jirgi zuwa Jidda, shi kuwa ko Kano bai taɓa zuwa ta sama ba. Ya ce mini abin da ya fi so shi ne lokacin da an rufe ƙofofi, an kore su gefe, jirgin ya juya hanci. Sauran lebura su gudu inuwa, shi ya tsaya a rana yana kallon ƙaramar tagar gaba, inda yake hango kafaɗar mutum ɗaya da duk wannan ƙarfe ke saurara wa.

Yana sabon aure wani akwatin ƙarfe ya zamo ya danne masa wuyan hannun dama. Kawunsa ya ce asibiti yanka za su yi, aka ɗauke shi sai ƙauyen Dusuman wurin wani mai ɗori. Mai ɗorin ya yi yadda ya gada: ya karya ƙafar kaza, ya ɗaure ta da karare, ya ɗaure hannun Garzali, ya ce ranar da kazar ta taka, hannu ya kama. Kazar ta taka, amma da ɗingishi. Ya Gumsu takan ce tun ranar ta san yadda za ta kaya, shi ya sa ta yanka kazar ba tausayi. Hannun ya warke a karkace, ya kwanto ciki, ta hagu. Yana iya cin tuwo da shi, yana iya riƙe filaya, amma ɗaga jaka ya ƙare.

Ya koma Gamboru ya buɗe rumfar gyaran fanka da dutsen guga. In jirgi ya wuce yakan ajiye aiki ya leƙo, ya faɗi irinsa da inda ya nufa, har 'yan kasuwa suka laƙa masa Kyaftin. Rabin sunan tsokana ce. Ya karɓe shi duka.

Maƙwabcin rumfarsa, Pindar, mutumin Biu ne mai sayar da tsofaffin kwamfutoci. Shi ya tsinci wata baƙar sandar roba a cikin kwalin kaya, mai gindi da maɓallai, ya ce sunanta joyistik, da ita ake tuƙa jirgi a kwamfuta. Garzali ya ce wannan suna bai dace da bakin magidanci ba, sanda ce. Ya saye ta, ya haɗa da kwamfutar da Pindar ya zuba wa manhajar koyon tuƙi, ya kafa su a ƙaramin ɗakin da ke bakin zaurensa.

Na tare a unguwarmu ne a lokacin nan da garin ya daɗe babu wuta. Garzali yana da ɗan faranti na sola a kan rufi da batir ɗaya mai rauni, don haka tsakar rana yake tashi da jirginsa na kwamfuta, lokacin da kowa ke neman gindin dalbejiya. Yakan rufe rumfa bayan azahar ya dawo gida musamman. Ranar da ya fara kirana in gani, ya zaunar da ni a kan buhun tsofaffin fuka-fukan fanka, ya ce, "Habib, kafin a tashi sai an yi saiti. Wanda bai yi saiti ba, bai san inda tsakiya take ba."

Allon ya nuna akwati mai ɗigo a ciki. A sama an rubuta da Turanci cewa a cire hannu, a bar sandar ta tsaya da kanta, sannan a danna maɓalli, nan ce tsakiya. Bayan haka a kai sandar gaba da baya, hagu da dama, don na'urar ta san iyakarta. Garzali bai cire hannu ba. Ya kama sandar da hannun nan nasa, ya bar ta ta kwanto hagu daidai inda wuyan hannun ke samun sauƙi, ya miƙa yatsan hagu ya danna. Ɗigon ya zauna tsakiyar akwati cif.

Na ce, "Malam, ai cewa aka yi a cire hannu."

"Wanda ya rubuta, hannunsa ya sani," in ji shi. "Kowa da nasa."

Sannan ya tashi. Ya ɗaga ƙaramin jirgi daga filin Maiduguri, ya bi ta saman gari, ya zagayo ta kan madatsar ruwan Alau, ya dawo ya sauke shi a hankali, tayoyin suka taɓa ƙasa tare. Fuskarsa ta sake. Na daɗe ina tunanin wannan fuska. Mutumin da ke ɓoye hannu cikin aljihun riga in za a gaisa, wanda yaran kasuwa ke kwaikwayon yadda yake miƙa canji, ya sami wuri ɗaya a duniya da hannunsa yake daidai, kuma shi ya ƙera wurin da yatsa ɗaya.

Khairunnisa ita kaɗai Allah ya ba su. Tun tana firamare take jan kujerar tsuguno ta zauna kusa da shi, har ranar da ya matsa ya ba ta wuri. Hannunta lafiyayye ne, amma sandar nan ba ta san da haka ba. In ta riƙe ta a miƙe, jirgin ya zame dama. Sai ta koyi kwantar da ita hagu kaɗan, kamar yadda ta ga babanta na yi, ta ɗauka haka jirgi yake. Ba wanda ya ce mata a'a. Kafin ta kai tsakiyar sakandare tana sauka cikin iska mai kaɗawa ta gefe, tana sauka da hadari, tana karanta agogunan gaban jirgi ba tare da ta duba hannunta ba. Na sha jin sa ta bango yana cewa, "Sannu Kyaftin ƙarama! Gumsu, fito ki ga 'yarki!" Ya Gumsu ta amsa daga madafa, "In ta sauka ta zo ta sauke mini tukunya."

Washegarin faɗan na je Gamboru wurin Pindar. Na same shi yana hura ƙura daga cikin wata kwamfuta. Bai jira na gama tambaya ba.

"Ni na faɗa wa Ya Gumsu," ya ce. "Ta zo nan tana tambaya ko ni na sayar musu da lalataccen kaya. Na ce Madam, kayana ƙalau. Tun yarinyar na aji huɗu na je gidan gyaran fankar cikin kwamfutar. Da na gama na ce bari in ɗana. Ina kama sanda jirgi ya yi dama kamar Keke Napep mai faci. Na ce Kyaftin, me ka yi wa abin nan? Ya nuna mini. Na yi dariya, na ce kai dai ba komai, nishaɗinka kake yi. Amma yarinyar nan fa ba wasa take ba. In za ta hau ka saita mata na gaskiya, in ta gama ka mayar da naka. Bai kai shan kofin shayi ba."

"Me ya ce?"

"Ya ce to. Ka san to ɗin Bakano." Ya girgiza kai. "Taurin kai ne kawai. Mutumin da ba ya yarda a gyara masa ko wayar fanka."

Abin da ya faru a Kaduna, Khairunnisa da kanta ta ba ni labari a ƙofar gida, tana tsaye da bokitin ruwa, kamar labarin wata take bayarwa. Gwajin ba na gwaninta ba ne. Akwai waɗanda ba su taɓa kama sanda ba, kuma sun wuce. Ana zaunar da mutum ne a ce ya riƙe jirgi a miƙe, ana jefo masa lissafi da tambayoyi a kunne, a ga yadda hannu da kai ke tafiya tare. Muddin tana kallon hanya, tana gyarawa. Da zarar hankalinta ya tafi kan tambaya, hannun ya koma gida, jirgin ya kwanta hagu. Ta dawo da shi, ya sake kwantawa.

"Matar da ke gwajin ta ce, wa ya koya miki? Ya Habib, da alfahari na ce Babana. Ta ce matuƙi ne? Na ce ya yi aiki a filin jirgi." Ta sauya wa bokitin hannu. "Ta ce idona mai kyau ne, kaina mai kyau ne. Amma wanda bai iya komai ba ya fi sauƙin koyarwa a kan wanda hannunsa ya riga ya saba da karkata. Ta ce ana iya cirewa, su ne dai ba su da lokacin."

Ya Gumsu ta tsaya a kan cewa da gangan ya yi, ba ya son 'yarsa tilo ta yi nisa. Ban yarda ba. Na ga mutumin nan ranar da za ta tafi: ya goge mata takalma da kansa, ya raka ta tasha, ya yi ta bin motar yana maimaita mata abin da ta riga ta sani. Wanda ke son ta faɗi ba ya yin haka. Taurin kan da Pindar ya faɗa ma bai ishe ni ba. Abin da nake zato ya fi waɗannan ƙanƙanta, kuma ya fi su muni. Don ya bi shawarar Pindar, sai kullum ya tsaya a gaban yarinyar da ke kiransa Kyaftin ba da tsokana ba, ita kaɗai a duk garin, ya ce yanzu za mu yi saitin masu lafiya, an jima mu yi nawa. Ya auna wannan da gwajin da ke can nesa, wanda ba a ma tabbatar zai zo ba, ya zaɓi yau. Gobe ma ya sake zaɓar yau.

Bayan 'yan kwanaki na shiga gidan karɓar fankata da ya gyara, don zafin bazara ya kai inda ya kai. Yana zaune a ɗakin zaure, kwamfutar a rufe da tsohon zani. Muna cikin gaisawa Khairunnisa ta shigo, ta gaishe ni, ta yaye zanin, ta kunna. Na yunƙura zan fita.

"Zauna, Ya Habib, ba daɗewa za mu yi ba."

Ta buɗo akwatin nan mai ɗigo. Ta saki sandar ta tsaya da kanta, ta mayar da hannayenta biyu baya ta harɗe.

"Baba, danna."

"Khairi..."

"Ni ban taɓa ba, kai ma kada ka taɓa. Maɓallin kawai."

Ya miƙa yatsan hagu ya danna. Ta kai sandar gaba da baya, hagu da dama, ta rufe akwatin, ta tashi daga kujerar.

"Bismillah. Kai mu Alau ka dawo da mu."

Ya zauna. Tun a kan titin tashi jirgin ya fara jan hagu. Ya ɗaga shi da ƙyar, ya murɗa wuyan hannun ta inda ba ya murɗuwa, gumi ya tsatstsafo masa a goshi. Ya kai Alau a karkace, ya juyo. Da ya zo sauka hannun ya gaji, fiffiken hagu ya riga taya taɓa ƙasa, allon ya girgiza, aka ji ƙarar fashewa daga 'yar lasifikar.

Na ɗauka abin da take so ke nan, ta gama. Sai ta ce, "Matsa."

Ta zauna, ta tashi sumul. Muddin tana kallo, jirgin a miƙe yake. Ta ce, "Baba, yi mini tambaya. Kowace iri." Ya ci gaba da murza wuyan hannunsa. Ta ce, "Ya Habib, kai yi." Na tambaye ta sunayen unguwannin da ke tsakanin nan da Gamboru. Ta fara lissafowa, mu duka uku muna kallon allon, sararin sama yana juyawa a hankali, jirgin yana kwantawa hagu kamar mai gyangyaɗi. Ba ta dawo da shi ba. Ta bar shi ya tafi har ƙasa.

Ta yi 'yar dariya. "Ka gani? Mu biyu ke nan yanzu."

Ta gyara mayafinta ta shige cikin gida. Ni ma na ɗauki fankata.

Da damina ta wuce ta samu gurbin karatun awon ƙasa a Bauchi, ta tafi. Takan kira uwarta su daɗe suna hira. In aka miƙa wa uban, ina ji ta bango, gaisuwa ce cikakkiya, babu abin da aka rage: ina wuni, ya kasuwa, ya zafi, a gaida su Baba Pindar. Daga nan ya ce to, to, Allah ya yi albarka, ya mayar da wayar. Ba ta daina kiransa Baba ba. Kyaftin ɗin ne ban sake ji ba, daga bakinta ko daga nasa. A kasuwa ma in jirgi ya wuce, Pindar ya ce kansa a sunkuye yake a kan fanka.

Na zaci ya daina hawa. Amma kullum bayan azahar sai in ji gurnanin injin ta bango, ya yi nisa, ya dawo, sannan ƙarar nan ta fashewa. A yi shiru, injin ya sake tashi.

Wata Asabar na kasa haƙuri, na yi sallama na shiga. Ya kashe sautin, ya nuna mini buhun da na saba zama a kai. Wuyan hannun nasa a kumbure yake, ya shafa masa man zafi har ɗakin ya ɗauka.

Na ce, "Malam, tambaya zan yi, in ta yi nauyi ka yafe ni. Da Pindar ya faɗa maka, me ya hana ka gyarawa?"

Ya taɓa sandar da yatsan hagu.

"Wa ya ce maka ban gyara ba?" in ji shi. "A ranar na gyara. Pindar na fita na cire hannu na danna, yadda aka rubuta. Na hau na faɗi. Na sake hawa na faɗi. Ina nan zaune na ji muryarta a waje, ta dawo daga Islamiyya, tana ce wa ƙawarta ta shigo ta ga yadda babanta ke sauke jirgi." Ya shafa gemu da hannun hagu. "Kafin su cire takalma na mayar."

"Washegari fa?"

"Washegari na ce sai gobe."

Daga cikin gida Ya Gumsu ta ɗaga murya tana tambaya ko baƙon zai ci abinci, na ce alhamdu lillahi. Na miƙe, ya rako ni. A bakin zaure na ce masa ai yanzu ba mai hawa sai shi, ya mayar da saitinsa ya huta, kada hannun ya ƙarasa lalacewa.

Ya riƙe ƙofar, hannun daman na cikin aljihu.

"A'a, yadda ta bar shi yake. In ta zo hutu ta duba, ta ga ban taɓa ba," ya ce. "Tashi ina tashi, Habib. Sauka ce har yau ban yi ba."